Daga Kamu Zuwa Gudun Haske: Tushen Awo da Ma'auni a Ilmin Fiziks



Batun da aka ɗora mini yau shi ne awo da ma'auni a ilmin fiziks. Na san akwai waɗanda da jin kan maganar za su ce ai wannan karatun 'yan ajin farko na sakandare ne, abin da akan haddace a shafin farko na littafi a wuce. Gaskiya ne a shafin farko yake, amma dalilin sa shi a can shi ne sauran shafuffukan duka a kansa suke zaune. Abin da nake so in nuna muku a wannan yammaci abu ɗaya ne, watau ma'auni alkawari ne tsakanin mutane, kuma ƙarfin alkawarin yana ƙaruwa gwargwadon yadda aka fitar da ma'aunin daga hannun mutum ɗaya.

Bari mu fara da ma'anar awo. Awo kwatantawa ce. In ka auna abu, ka ɗauki wani ɗan'uwansa ne wanda kowa ya yarda da girmansa, ka duba sau nawa zai shiga cikin abin da ke gabanka. Saboda haka kowane awo yana tafe da ƙafa biyu, adadi da ma'auni. Wanda ya ce maka zurfin rijiyarsa goma ne bai gaya maka kome ba tukuna, sai ya faɗi goma ɗin mece ce, gaba ce, ko ƙafa, ko mita. Wannan ita ce ƙa'ida ta farko, kuma za mu ga a gaba cewa manyan injiniyoyi sun yi tuntuɓe da ita.

Kakanninmu ba su rasa ma'aunai ba. Masaƙi da mai sayar da fari suna da kamu, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa. Mai haƙar rijiya yana da gaba, watau tsawon hannuwa biyu a buɗe. Akwai taƙi da ɗani na tafin hannu, akwai taki na ƙafa, akwai zango na fatake. Manomi yana lissafin amfanin gonarsa da dami, mai awo a kasuwa tana da mudu da tiya, malami kuwa yakan taka inuwarsa da ƙafa ya san ko azahar ta yi. Haka abin yake a ko'ina cikin duniya: ƙafa da inci da yadi na Turawan Ingila su ma daga jikin mutum aka fara ɗaukarsu. Amfanin irin wannan ma'auni a fili yake, ba ka mantuwa da shi a gida. Illarsa ita ma a fili take. Kamun dogo ba kamun gajere ba ne, shi ya sa mai saye yakan so ya zo da dogon ɗan'uwansa, mai sayarwa kuwa ya sa ƙaramin yaronsa ya auna.

Tun da daɗewa masu mulki suka gane wannan. Mutanen Masar na dā sun yanka kamun sarauta a jikin sanda, tsawonsa kamar santimita 52, magina suna gwada nasu da shi. A daular Musulunci, bayan gyaran kuɗi da Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya yi wajen shekarar 696, dinari ya tsaya a kan miskali guda, abin da ya kai kimanin giram 4.25, kuma da wannan miskali ne aka daɗe ana auna zinariya a kasuwannin ƙasashenmu. Kalmar mudu ma kanta daga Larabci muka aro ta, kuma kowa a nan ya san zakkar fid da kai sa'i ne, watau mudun Annabi huɗu. Akwai sura guda a Alƙur'ani da aka sa wa sunan masu tauye awo, aka kuma kafa muƙamin muhtasibi, wanda cikin aikinsa har da zagaya kasuwa yana duba mudu da mizani. Wannan mataki ne babba, an cire ma'auni daga jikin kowa da kowa an damƙa shi ga hukuma. Sai dai hukuma tana da iyaka. In ka tsallake iyakar, sai ka tarar da wani sarki da nasa mudun.

Ƙasar da wannan ciwo ya fi damu har ta nemi maganinsa ita ce Faransa. Kafin juyin mulkin 1789, ma'auni mai suna ɗaya yakan bambanta daga wannan gari zuwa na kusa da shi, kuma talakawa suna kukan cewa masu ƙasa suna karɓar gallar hatsi da babban mudu. A 1791 majalisar masana kimiyya ta Faris ta kawo shawarar a ɗauko ma'aunin tsawo daga jikin duniya kanta, tun da duniya ba ta wani sarki ba ce. Suka ce a auna nisan da ke tsakanin ƙuryar arewa ta duniya da layin da ya raba ta biyu a tsakiya, a bi ta kan Faris, a kasa shi kashi miliyan goma. Kashi ɗaya shi ne mita. Auna duniya ba sabon abu ba ne, domin masanan Halifa Ma'amun sun gwada haka a filin Sinjar wajen shekarar 830. Sabon abin shi ne a mai da sakamakon ya zama ma'aunin kasuwa.

Aka tura masana taurari biyu, Delambre da Méchain, su auna yankin da ke tsakanin Dunkirk a arewacin Faransa da Basalona a ƙasar Sifen. Daga 1792 har 1798 suna wannan aiki, cikin yaƙi da hargitsi, suna hawa hasumiyoyi da duwatsu da na'urorin da ƙauyawa ke zaton kayan leƙen asiri ne, har akan tsare su. Méchain ya gano wani ɗan saɓani a lissafinsa na Basalona, ya ɓoye shi, abin ya yi ta cin zuciyarsa har ya rasu a Sifen a 1804 yana ƙoƙarin faɗaɗa awon. A 1799 aka ƙera sanda ta ƙarfen filatinam aka ce ga mita. Yanzu mun san sandar ta gaza da kimanin kashi ɗaya cikin biyar na milimita, domin duniya ba ta da siffar da suka zata daidai, nisan da suka ce kilomita 10,000 ne ya kai 10,002. Ba a sake ƙera sandar ba. Wannan kuwa yana nuna mana wani abu muhimmi: tun daga ranar da aka ƙera ta, sandar ce mita, duniya ta koma shaida kawai.

Ina so ma'aikatan da ke nan su lura da wani abu. Faransawa da kansu ba su karɓi sabon tsarin da hannu biyu ba. A 1812 Nafoliyon ya sassauta, aka bar 'yan kasuwa su koma ga ma'aunai masu tsofaffin sunaye, sai a farkon 1840 aka wajabta mita a kan kowa. Kusan shekara hamsin ke nan a ƙasar da ta haifi abin.

Ran 20 ga Mayu, 1875, ƙasashe 17 suka sa hannu a kan yarjejeniyar mita, aka kafa ofishin awo na ƙasashen duniya a Sevres, kusa da Faris. A 1889 aka amince da sababbin ma'aunai biyu na filatinam da aka gauraya da iridiyam, kashi 90 da kashi 10: sandar mita, da wani dunƙulen ƙarfe mai siffar gwangwani, tsawonsa milimita 39, faɗinsa ma haka, wanda aka ce shi ne kilogiram. Aka rarraba wa ƙasashe kwafinsu, aka kulle na asali a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. A 1960 babban taron awo ya tsara abin da muke kira Tsarin Ma'aunai na Duniya, wanda akan taƙaita da haruffan SI, a 1971 kuma aka cike tushensa ya zama bakwai.

To, mece ce ma'anar tushe a nan? Ɗaliban fiƙihu sun san asali da reshe, haka abin yake a fiziks. Abubuwan da ake aunawa ba su ƙidayuwa, amma an zaɓi bakwai aka ce su ne asali: tsawo da mita, nauyi da kilogiram, lokaci da sakan, kwararar lantarki da amfiya, zafi da kelbin, yawan ƙwayoyin abu da mol, ƙarfin haske da kandela. Duk sauran rassa ne, ana samunsu ta ninkawa ko rabawa. Faɗin fili tsawo ne sau tsawo. Gudu tsawo ne a raba da lokaci. Ƙarfin turawa, wanda ake aunawa da niyuton, nauyi ne sau yadda gudu ke ƙaruwa. Daga niyuton aka sami jul na aiki, daga jul aka sami wat. Yunit ɗin da ake rubuto muku a takardar kuɗin wuta, wat dubu ne na tsawon awa guda, watau jul 3,600,000, kuma in ka warware shi ba za ka tarar da kome a ciki ba sai kilogiram da mita da sakan. Jami'in gona da aka ce masa an yi ruwa milimita 20 ya kamata ya iya warware wannan shi ma: milimita ɗaya lita ɗaya ce a kan kowace murabba'in mita, saboda haka hekta guda ta sha lita 200,000 a daren nan.

Daga nan ne wata ƙa'ida ta fito wadda nake roƙon ɗalibai su riƙe ta da kyau. Ba a tara abubuwan da jinsinsu ya bambanta, kamar yadda ba a tara buhu uku da awa biyu. In ka gama lissafi, kana neman gudu, sai ka ga amsarka ta fito da kilogiram, ba ka bukatar malami ya gaya maka ka ɓata.

Akwai wurare biyu da harshenmu yake iya rikita ɗalibi. Na farko kalmar daƙiƙa, wadda a Larabci minti take nufi, a bakin Hausawa da yawa kuwa sakan, shi ya sa na zaɓi in riƙa cewa sakan a wannan lacca. Na biyu ya fi zurfi, watau kalmar nauyi. Abu biyu muke kira da ita. Akwai yawan abin da jiki ya ƙunsa, wanda zan kira nauyin zati, shi ne ake aunawa da kilogiram, kuma ba ya sākewa duk inda aka kai jikin. Akwai kuma ƙarfin da ƙasa take jan jikin da shi, wanda zan kira nauyin ja, shi kuwa yana sākewa. A kan wata, nauyin ja yakan koma kashi ɗaya cikin shida. Ko a nan duniya, jan ƙasa ya fi ƙarfi a ƙuryoyinta fiye da tsakiyarta da kimanin rabin kashi ɗaya cikin ɗari. In aka daidaita sikeli mai waya a Kano, aka ɗora masa buhu mai kilo ɗari, sa'an nan aka kai sikelin da buhun Landan ba tare da an sake daidaita shi ba, zai nuna ƙarin wajen giram 300, alhali ko ƙwaya ɗaya ba a ƙara ba. Tsohon mizanin masu zinariya mai tasa biyu ba ya wannan kuskure, domin abin da ya ja tasar dama shi ya ja ta hagu.

Mu koma ga sandar nan da dunƙulen ƙarfen da aka kulle a Sevres. Tun a 1870 masanin nan Maxwell ya yi gargaɗi cewa duk ma'aunin da aka ɗauko daga jikin duniya ko daga wani ƙarfe yana iya sākewa, wanda ke son ma'auni mai ɗorewa sai ya neme shi a ƙwayar zarra, domin zarrar kowane sinadari iri ɗaya ce a ko'ina, ba ta tsufa, ba ta tsatsa. Sai da aka yi kusan shekara casa'in kafin na'urori su kai ga abin da ya hango.

Lokaci ne ya fi ba da mamaki. Dā sakan kashi ɗaya ne cikin 86,400 na yini da dare, watau juyawar duniya ita ce agogo. Da aka sami agogunan da suka fi ta daidaito, sai aka ga ashe duniya ba ta riƙe lokaci sosai. Jan da wata ke yi wa tekuna yana rage mata sauri, kwana yana ƙara tsawo da kimanin kashi biyu cikin dubu na sakan a kowace shekara ɗari, ban da ƴan sauye-sauyen da ba su da tsari. A 1955 Essen da Parry suka haɗa agogon zarra na sinadarin siziyam a Ingila. Zarrar siziyam tana amsa wani irin kaɗawar haske da ido ba ya gani, mai adadi tsayayye, kamar tsirkiyar goge wadda ba ta taɓa saki. A 1967 aka yanke cewa sakan shi ne lokacin da wannan kaɗawa take cika sau 9,192,631,770. Mafi kyawun waɗannan agoguna ba sa kuskuren sakan guda cikin fiye da shekara miliyan ɗari. Don kada agogo ya rabu da rana, tun 1972 akan ƙara sakan guda a wasu shekaru, an yi haka sau 27, na baya-bayan nan a ƙarshen 2016, kuma a 2022 aka yanke shawarar barin wannan al'ada nan da 2035.

Da aka mallaki sakan, mita ta zo da sauƙi. A 1960 an riga an ajiye sandar an koma ga hasken sinadarin kiriftan. A 1983 aka yi abin da ya fi wannan hikima: aka tsai da gudun haske a sararin da babu kome cikinsa a kan mita 299,792,458 a sakan guda, aka ce mita ita ce tafiyar da haske ke yi cikin kashi ɗaya na wannan adadi na sakan. Wani zai ce me ya haɗa talaka da wannan? Wayar da ke aljihunsa tana gane inda yake ne ta auna lokacin da saƙo ya ɗauka daga tauraron ɗan'adam zuwa gare ta. Haske yana cin santimita 30 cikin kashi ɗaya na biliyan na sakan. In agogon tauraron ya kuskure da kashi ɗaya cikin miliyan na sakan, an kauce da mita 300, mai safiyo ya sa dutsen iyaka a gonar maƙwabci.

Kilogiram ne ya yi taurin kai. Shekara 130 dunƙulen nan yana mulki, a ƙarƙashin murafan gilashi, a ɗakin da sai an haɗa makullai uku ake buɗe shi. Ku dubi irin matsalar da ke cikin wannan. Bisa ga doka, shi ne kilogiram, saboda haka ba ya iya ƙaruwa ko raguwa. In ƙura ta sauka a kansa, ba a cewa ya ƙara nauyi, sai dai a ce duk sauran abubuwan duniya sun ragu. Da aka fito da shi aka gwada da kwafinsa tsakanin 1988 da 1992, sai aka tarar sun rabu da kimanin kashi 50 cikin miliyan na giram a tsawon ƙarni guda. Wannan bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na ƙwayar dawa ba, mai awon hatsi ba zai taɓa jinsa ba. Amma babu hanyar da za a tabbatar ko shi ne ya rame ko kwafin ne suka yi ƙiba, tun da babu alƙali a samansa. Ga shi kuwa amfiya da mol da kandela duk sun jingina da shi a lokacin.

Mafita ta zo ta hanya biyu. Ta farko wani mizani ne da Kibble ya ƙago a Ingila a 1975. A gefe ɗaya ana ɗora abin da za a auna, a ɗaya gefen kuwa, maimakon dutsen awo, sai a sa naɗin waya cikin maganaɗisu a saki lantarki har ƙarfinsa ya tare nauyin. Shi kuwa lantarkin ana iya auna shi da matuƙar daidaito ta hanyoyin da suka dogara da wani adadi tabbatacce na halitta, wanda ake kira adadin Planck, da sunan Bajamushen da ya gano shi a 1900. Hanya ta biyu ita ce aka ƙera ƙwallon silikan mai tsabta, mai kilo guda, aka lissafta yawan zarrar da ke cikinsa. Da hanyoyin biyu suka haɗu a kan amsa ɗaya, sai wakilan ƙasashe suka taru a Versailles ran 16 ga Nuwamba, 2018, suka amince a tsai da adadin Planck. In za ka rubuta shi, sai ka sa ɗigo, ka jera sifiri 33, sa'an nan ka rubuta 662607015. Daga ran 20 ga Mayu, 2019, dunƙulen Sevres ya sauka daga gadon sarauta, ya zama ƙarfe kamar kowane ƙarfe, wanda shi ma ana iya auna shi a ce ya ragu.

Sauran huɗun zan bi ta kansu da sauri. A wannan rana aka ɗaure amfiya da cajin ilaktaron guda, aka ɗaure kelbin da adadin Boltzmann, bayan dā da ruwa ake tsai da shi. Sifirin kelbin shi ne iyakar sanyi, digiri 273.15 ƙasa da inda ruwa ke daskarewa. Mol kuwa ƙidaya ce kawai, kamar yadda muke cewa dozin, sai dai dozin ɗin masu kemistiri ya kai 6 da lambobi 23 a bayanta. Kandela, wadda sunanta daga kyandir ya fito, ita kaɗai ce har yanzu da sauran ɗan'adam a jikinta, domin an gina ta ne a kan yadda idon mutum yake jin hasken kore.

Malam Shugaba, na ce manyan injiniyoyi sun yi tuntuɓe da ƙa'idar farko. A watan Yuli na 1983 wani jirgin sama ƙirar Boeing 767 a Kanada yana bukatar mai kilo 22,300, aka yi lissafi da ma'aunin laba, ya tashi da abin da bai kai rabi ba. Injunansa suka mutu a sama, matuƙan suka lallaɓa da shi ba inji har suka sauka a wani tsohon filin jiragen soja a Gimli, Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. A watan Satumba na 1999 Amurka ta yi asarar kumbon da ta aika duniyar Mirriku don nazarin yanayinta, saboda ƙungiya ɗaya tana ba da lissafin ƙarfin turawa da ma'aunin laba, ɗayar tana karanta shi a matsayin niyuton. Lissafin kowannensu daidai ne, ma'aunin ne ya saɓa.

Mu ma muna zaune ne tsakanin tsari biyu, har uku. Jamhuriyar Nijar ta gaji mita da kilo daga Faransa. Nijeriya ta gaji yadi da laba da galan daga Ingila, ta sauya cikin shekarun da ta koma tuƙi a hannun dama a 1972, ta bar fam da sule ta kama naira a 1973, aka yi dokar awo da ma'auni a 1974. Amma har gobe atamfa da yadi ake yankanta, fuloti da ƙafa ake faɗinsa, a Kano akwai unguwar da ake kira Mil Tara, ɗanyen man da ƙasar ke sayarwa kuwa da ganga ake lissafa shi, mai cin lita 159. Galan ɗin Ingila lita 4.546 ne, na Amurka 3.785, wanda yaro ke riƙe da shi a bakin titi kuwa jarka ce da ba ta bin ko ɗaya. Ma'aikacin da ke rubuta takardar kwangila ko ta diyyar gona ya sani hekta guda ta kusa eka biyu da rabi. In ya rubuta ɗaya a wurin ɗaya, ko dai ya cuci manomi da fiye da rabin haƙƙinsa, ko ya cuci baitulmali. A asibiti abin ya fi haka tsanani, tsakanin miligiram da maikurogiram ninki dubu ne, kuma maganin yaro da nauyin jikinsa ake lissafa shi.

Game da mudu, ra'ayina ya saɓa da na waɗanda ke cewa a hana shi. Mudu yana auna cika ne, sikeli yana auna nauyi, jinsinsu ba ɗaya ba ne, shi ya sa mudun gero da mudun gyaɗa ba sa yin nauyi ɗaya. Kowannensu yana da hanyar da ake cuta da shi: mai mudu ya ƙwanƙwasa gindinsa ko ya rage tozo, mai sikeli ya jiƙa hatsi ko ya taɓa allura. Fifikon mudu shi ne tsohuwar da ba ta yi boko ba tana ganin abin da ake zuba mata da idonta. Abin da ya rasa shi ne a ce mudun Dawanau da na Jibiya da na Maraɗi cikinsu ɗaya ne, an faɗi ko lita nawa yake ci, an buga masa hatimi. Haka aka yi wa yadi da laba a 1959, ba a kashe su ba, an dai ɗaure yadi a kan mita 0.9144, laba a kan kilo 0.45359237, suka zama 'ya'yan mita da kilo masu tsohon suna.

Wannan ɗauri shi ne aikin hukuma. Tsakanin adadin Planck da famfon gidan mai akwai sarƙa: ɗakin gwaji na ƙasa yana daidaita ma'aunansa da na duniya, sashen awo da ma'auni na ma'aikatar ciniki yana daidaita nasa da na ɗakin gwaji, sufeto ya ɗauki gwangwaninsa mai hatimi ya je ya gwada famfo da sikelin kanti. Sufeton nan shi ne muhtasibin zamaninmu. In ba a ba shi abin hawa ba, ko aka bar duwatsun awonsa suka shekara goma ba a gwada su ba, ko ya karɓi na goro ya buga hatimi, to, sifiri 33 ɗin nan ba su amfana wa mai sayen lita guda kome ba.

Su kuwa masu awo na duniya ba su tsaya ba. An riga an ƙera agogunan da ke aiki da hasken da ido ke gani, da zarrar sinadarai irin su sitirontiyam, waɗanda sun fi na siziyam daidaito har sau ɗari, ba sa kuskuren sakan guda cikin shekarun da suka fi shekarun sammai da ƙasa yawa a lissafin masana taurari. Saboda tsananin daidaitonsu, in ka ɗaga ɗaya daga ƙasa da taƙi guda, sai a ga gudunsa ya sāke, kamar yadda Einstein ya faɗa cewa jan ƙasa yana rage saurin lokaci. Saboda su ne ake shirin sake fassara sakan, ana sa ran a wajen 2030, kuma tun da mita da kilogiram da amfiya da kelbin da kandela duk sun rataya a wuyan sakan, aikin sai an bi shi a hankali.

Malam Shugaba, na ga lokacin da aka ba ni ya cika, bisa ga agogon bangon nan dai. Nan zan dakata don a sami damar tambayoyi.